Gugan Baba Aldo

Ko tsufa zai share mini komai na zamana a garin Greensboro na Amurka, ba zan taɓa mantawa da ranar da na shiga ɗakin taro da guga a leda ba, ina tafe ina murmushi kamar wanda za a ba kyauta. Har yau in abin ya faɗo mini sai in ji ƙeyata ta yi zafi, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A farkon shekarun 1980 ne. Na zo karatu daga Kano, na kama hayar ɗaki a unguwar Glenwood, a gidan wani tsohon Ba'italiye mai shagon gyaran takalma. Sunansa Aldo, amma bakina ya ƙi kiran mai furfura da sunansa gatsau, sai nake ce masa Baba Aldo. Ranar da na gaya masa ma'anar Baba ya daɗe yana kallona. Matarsa ta rasu, kuma Allah bai ba su haihuwa ba.

Shekarata ta farko ba ta yi mini daɗi ba ko kaɗan. Ga sanyi, ga kaɗaici, ga malaman da ba na jin rabin abin da suke faɗa. Ana cikin haka mahaifina ya rasu, labarin bai iske ni ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Na kwana na wuni a ɗaki ba ci ba sha. Baba Aldo ne ya je ya sayo sabuwar tukunya, ya ce mini wannan taka ce, naman alade ba zai taɓa shiga cikinta ba, ya dafa mini taliya ya zauna a bakin gadona har na ci. Daga ranar na ɗauke shi uba, ba a baki kawai ba.

Duk Lahadi bayan la'asar sai ya sauke labule, ya kunna majigi, ya haska mini garinsu a bango. Shi mutumin Bologna ne, kuma kusa da su akwai wani gari, Modena. Duk shekara a wuri biyu yake rayuwa: jikinsa yana Greensboro, lissafinsa yana can. Sai ya ce yanzu a gida ana sauko da hoton waliyyiyarsu daga cocin kan dutse, jama'a suna binsa da waƙa. In sanyi ya tsananta ya ce yanzu ’yan Modena sun cika tituna da rumfuna suna bikin waliyyin garinsu. In ya zo kan hotunan kasuwar baje kolin fata da takalma ta Bologna kuwa, har miƙewa yake yi. Da ya ji cewa mahaifina sana'ar fata yake yi, kuma ni a warin majema na girma, ya dafa kafaɗata ya ce, “Jar fatar akuyar ƙasarku ita ce sarauniyar wannan kasuwa. Bana tare za mu je, ka ga inda wahalar babanka take ƙarewa.”

Na share hawaye. Wannan tafiya ita ce abu ɗaya da nake ɗoki a duk ƙasar Amurka.

To, a cikin hirarrakin nan ne ya ba ni labarin guga. Wai a zamanin da garuruwan biyu sun gwabza yaƙi, ’yan Modena suka yi nasara, suka tafi da gugan katako na wata rijiyar Bologna, kuma har yanzu yana can sun adana shi suna nuna wa baƙi. Yana faɗa yana dariya yana cewa, “Ɓarayin guga!” Ni kuwa nan take ƙwaƙwalwata (wadda gwamnati ta biya kuɗin jirgi aka kawo ta Amurka) ta warware zancen gaba ɗaya. Na ce ashe su ma suna da abokan wasa. Wannan ai Kanawa da Zage-zagi ne, fata ce kawai ta bambanta.

Da ma ina da nawa Bazazzagin a garin, Malam Isiyaku, wanda ya girme ni kuma ya riga ni zuwa. Ba mu taɓa haɗuwa bai ce mini “bawana” na ce masa “kai ne bawa” ba, mu tafa mu wuce. A wurinmu wanda ka fi so shi kake yi wa wannan. Sai na ga Baba Aldo ya yi shekara da shekaru ba shi da mai tsokanarsa, na ji tausayinsa, na naɗa kaina ɗan Modena ba tare da na sanar da kowa ba.

Jami'armu da ke gabashin gari, wadda yawancin ɗalibanta da malamanta baƙaƙen fatar Amurka ne, takan yi ranar al'adun ɗalibai baƙi duk shekara. Ba mu da Ba'italiye ko ɗaya, sai na roƙi Baba Aldo ya zo da majiginsa ya nuna bukukuwan garuruwan nan biyu, ni zan gabatar da shi. Ya ji daɗi ƙwarai. Sati guda yana tsara hotuna, ya kai kwat ɗinsa wanki, ya goge takalminsa har kana ganin fuskarka. Ni kuma na zaga shagunan gwanjo sai da na samo gugan katako.

A mota na nuna wa Malam Isiyaku, na gaya masa shirina. Ya dubi gugan ya dube ni.

“Kai bawana, are you sure mutanen nan sun san irin wasanmu? Nan fa ba Fagge ba ne.”

Na ce, “Malam, ku Zage-zagi tsoro ya yi muku yawa. Shi ya ba ni labarin da bakinsa. It's the same thing, wallahi.”

Ya ce, “To, Allah ya sa. Ni dai ina baya, kusa da ƙofa.”

Ɗakin ya cika. Akwai ɗalibai, akwai malamai, akwai tsofaffin mata na unguwa da hulunansu na zuwa coci. Na hau na karɓi makirfo da babbar rigata. Na gabatar da Baba Aldo, na ba da labarin yaƙin, sannan na zaro gugan daga leda na ce a madadin mutanen Modena na zo in ara masa shi na yini ɗaya, ya taɓa ya dawo mana da kayanmu. Ɗaki ya fashe da dariya. Shi kansa ya yi dariya har yana share ido, ya rungume gugan, aka yi ta tafi.

Da na sauka a nan, da yau wani labarin nake ba ku. Amma tafi ya shiga kaina. A Kano in wasa ya yi daɗi ba a tsayawa sai an kai ƙarshensa, kuma kowa ya san ƙarshensa. Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya da Turancina na Kano, na nuna shi da yatsa na ce, “Kuma ku sani, duk mutumin Bologna bawan ’yan Modena ne. Wannan tsohon da kuke gani bawana ne, na gaje shi kaka da kakanni. Baba Aldo, zo ka gai da ubangidanka!”

Na tsaya ina jiran dariya, haƙorana duk a waje.

Ba wanda ya motsa. Na ji ƙarar fankar majigi, na ji wata kujera ta yi ƙara a baya. Wata tsohuwa a layin gaba ta ɗora hannu a ƙirji. Sai a lokacin na tuna inda nake tsaye, da jikokin su wa ke zaune a gabana, da abin da wannan kalma take nufi a wannan yanki na Amurka. (Na karanta tarihin, har jarrabawa na ci a kansa. Ban san inda ya tafi ba a wannan minti.) Na nemi Malam Isiyaku da ido, na ga ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Baba Aldo ya ajiye gugan a ƙasa a hankali. Bai ɗaga murya ba, amma makirfon yana kusa da shi, kowa ya ji.

“Ɗana, ni an taɓa mayar da ni bawa. Lokacin yaƙin duniya na biyu Jamusawa suka loda mu a jirgin ƙasa suka kai mu aikin dole. Da yayana muka tafi, ni kaɗai na dawo.”

Daga nan ya juya ya kunna hotunansa. Ya nuna bukukuwan duka, da kasuwar fata, da rumfunan Modena, muryarsa ba daɗi ba ɗaci, kamar mai karanta sanarwa. Ni kuma ban san yadda ake sauka daga dandamali ba. Na tsaya a gefe da babbar riga, hasken majigi yana dukan rabin fuskata, har ya gama.

Washegari na ja Malam Isiyaku muka je shago ba da haƙuri. Malam ya yi bayani tiryan-tiryan, ya ce a wurinmu wannan alamar ƙauna ce, har ya kira ni bawansa a gabansa don ya gani. Baba Aldo ya saurara yana ɗinkin wani takalmi. Ya ce ya gane, al'ada ce mai kyau, kuma ya san ban yi da mugunta ba. Ya ba ni hannu. Bai kore ni daga gida ba, bai daina gaishe ni ba, bai taɓa tayar da zancen ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan, don da ya zage ni da na samu sauƙi. Lahadi ta zo, na zauna a ɗaki ina sauraron ko zai kira ni. Na ji ya fita yawo.

Da lokacin kasuwar ya matso, ya ce mini bana yana ganin zai tafi shi kaɗai, akwai kaburburan da yake son ziyarta. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ni na ɗaukar masa akwati zuwa filin jirgi. Bayan ’yan watanni wani ɗan ƙanwarsa ya zo ya sayar da shagon da gidan, ya ce tsohon ya yanke shawarar ƙarasa kwanansa a gida. Na koma wani ɗaki a titin Wendover, kusa da wurin da nake aikin ɗaukar kaya, inda ba wanda ya san sunana balle in ce masa Baba.

Abin da na koya shi ne abokin wasa gadonsa ake yi, ba a naɗa kai, kuma in an yi maka tafi sau ɗaya ka nemi kujerarka. Yau na tsufa, ’ya’yana in na yi musu Hausa da Turanci suke amsa mini, kuma har yanzu ban taka Bologna ba. Ita kuwa Modena, da na tsaya mata har na rasa uba na biyu, ba ta ma san ina duniya ba.