Yadda Za Ka Zama Shugaban Ƙungiyar Taimako Ba Tare da Ka Yi Gumi Ba

Ɗan'uwa, in kana son a riƙa nuna ka ana cewa "ga mai hidimar jama'a" alhali ko shebur ba ka taɓa ɗagawa ba, to ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, cikin shekara guda kujerar shugaba taka ce. Ba da ka nake magana ba. Maƙwabcina, wanda 'yan ƙungiyarmu ke kira Na-Tsakiya, da wannan dabara ya kayar da Makanike, mutumin da ya shekara bakwai yana yashe kwatocin unguwa da hannunsa.

1. Ka makara, amma da fasaha

Ƙarfe huɗu ake taro kowace Laraba, a ajin firamare, kan bencin da gwiwa ke taɓo haɓa. Kada ka kuskura ka zo a kan lokaci, don masu zuwa da wuri su ke shara da jera benci. Shigo da huɗu da rabi, waya a kunne, kana cewa, "To, to, zan kira ka, muna kan aikin al'umma." Na-Tsakiya ya sha yin haka da wayar da ko caji babu.

2. Kai ka kawo shawara, wani ya ɗauki kaya

Shawara ba ta sa ciwon kafaɗa. Miƙe, gyara murya, ka ce a yi wa makaranta fenti. Za a tafa. Da an fara tambayar wa zai hau tsani, sai ka dafe ƙugu ka ce bayan nan ya motsa.

Wata Laraba tafin ya yi wa Na-Tsakiya daɗi har ya zarce. "Jama'a, me zai hana mu ba da gudummawar jini? Jini fa ba a sayar da shi a kanti!" Nas, sakatariyar ƙungiya, har da share ƙwalla ta rubuta. Ba ta san mutumin nan ko a talabijin ya ga allura sai ya kau da kai ba.

3. Ka san lokacin hoto

Nan ne sirrin yake. Ranar yashe kwata, ka iso ana gab da gamawa. Nufi wanda ya fi kowa jiƙewa da gumi ka ce, "Haba, kawo shebur ɗin, ka huta hakanan." Shafa 'yar laka a hannun riga, tsohuwar riga dai, sannan ka tsaya a tsakiya. A hotuna arba'in na ƙungiyar, Makanike rabin kunnensa kawai ke fitowa, shi ma daga cikin kwata.

4. Ka yi haƙuri da mutanen gida

Su ba sa ganin girman mutum. Matarsa takan ce, "Maigida, ƙwan fitilar kicin fa wata uku ke nan da mutuwa." Shi kuwa ya amsa, "Al'umma ce gaba, Hajiya." Haddace wannan amsa.

5. Ranar zaɓe, bar hotuna su yi magana

An manna su a allo, mutane suka duba, suka kaɗa ƙuri'a: sha tara da shida. Makanike ya miƙo hannu yana wani murmushi da bai kwanta mini ba, ya ce, "Allah ya taya riƙo, shugaba. Sai Asabar."

6. Tambayar da ya kamata ka yi tun farko

A ƙa'idar ƙungiyar, sabon shugaba ne ke buɗe aikin farko da kansa. Masu zuwa huɗu da rabi ba su taɓa jin an karanta ƙa'ida ba. Aikin farko kuwa gudummawar jini ce.

Ranar Asabar a asibiti, Na-Tsakiya ya dafe ƙugu. Nas ta ce, "Ai a kwance ake yi, shugaba." Ya lalubo waya, matarsa ta karɓe. "Kawo in riƙe maka, ai babu caji." Wallahi na tausaya masa. Gumin da ya shekara yana gudu ya karyo masa gaba ɗaya, ana huda shi ya sume.

Da ya farfaɗo, Makanike na yi masa fifita da kwali. Nas ta ce jininsa irin wanda ake nema ruwa a jallo ne, har an wuce da jinin ɗakin haihuwa don ceton wata mai naƙuda. Ya kalli audugar hannunsa, sannan ya tambaya a hankali, "Ta tashi?" Aka ce ta tashi, ita da jaririyar.

Hoton suman nasa na nan a bangon aji: ido a rufe, baki a buɗe, hula a ƙasa. Shi ne ya fi muni a duk hotunansa, kuma shi kaɗai ya sa aka wanko masa ya kai gida.

Gargaɗi: na yi alkawarin kujera, ban yi alkawarin abin da ke biyo bayanta ba. In ka suma, ko ka tsinci kanka kana zuwa taro ƙarfe huɗu daidai kamar yadda maƙwabcina ya koma yi, babu ruwana, kada ka ƙwanƙwasa mini ƙofa.