Baballe da Makullin Caji Ofis

Daga Kura har Bunkure, duk inda ruwan kanal ke bi, ba a haifi namiji irin Baballe ba. Ni na faɗa, kuma ina da ikon faɗa, don ɗan goggona ne, taubashina. Ko hularsa na tuge a kasuwa sai dai ya ce wasa ne. Sau ɗaya tak aka taɓa kayar da shi a duniya, shi ma da tsintsiya.

Wata mata, Uwa mai turara shinkafa, ita ce ta shanya kayanta a tamfol, bakin titi, kamar yadda kowa ke yi. Baballe ya taho a babur, ya ga bai dace mutum kamarsa ya kauce wa shinkafa ba, ya ratsa ta tsakiya. Uwa ta damƙe babur ta baya, ta wanke shi tas, ta haɗa da kakanninsa, waɗanda rabinsu nawa ne. Gogan ya garzaya caji ofis ya kai ƙara. A lokacin muna da 'yan sanda huɗu da mota, babbansu wani Saje mai gashin baki. Saje ya saurare shi har ƙarshe, ya fito ya duba tayar babur, ya ga shinkafa maƙale. Ya karɓi tsintsiyar Uwa ya miƙa masa.

Baballe ya share shinkafa sanye da babbar riga, a gaban 'yan kasuwa. Yana shara yana cewa, "Gwamnati za ta ji wannan."

Tun daga ranar yake kallon kujerar Saje kamar yadda mage ke kallon soyayyen kifi.

Ana nan sai muka ji wai an rage kuɗin 'yan sanda daga sama. Mu ba mu ga takarda ba, mota muka gani. Ta tsaya a gindin darbejiya babu mai, har kaji suka mai da ita akurki. In ka kai ƙarar ɓarawo, sai a ce ka zo da ɗan acaɓa. Daga baya aka ɗauke Saje, aka ɗauke biyu, aka bar mana Kofur Bilya, siriri kamar sillen kara, shi ma ƙauye huɗu muke rabonsa. Ranar Alhamis ce tamu, in ya sami mai rage masa hanya.

Mu kuwa da ba mu da aikin da ya wuce zagin 'yan sanda, sai ga mu muna leƙen caji ofis muna ajiyar zuciya. Ni kaina na taɓa cewa da za a kwashe su duka da na yi sadakar waina. Aka kwashe. Ban yi wainar ba.

Ɓarayi suka ji ƙanshi. Ba sa ma wahalar da kansu da duhu. Manomi zai tafi sallar Juma'a, ya dawo ya tarar da tiyo kwance, injin ban ruwa ya yi ƙafa. Cikin wata guda aka ɗauke uku. Ga shi mu a wutsiyar kanal muke, gonakinmu a tudu. Ranar Asabar kaɗai ake sako mana ruwa, kuma ba ya hawa sai da inji. Wanda ya rasa injinsa ya rasa tumatirinsa. Nawa injin 'yata Zuliha ce ta saya mini, kuma 'yar gonar da marigayi mijina ya bari ita ce cina, ita ce suturata. Bana tumatirin ya yi kyau har ina jin kunyar maƙwabta.

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Aka kira taro a ƙofar mai unguwa don a kafa 'yan sintiri. Kafin a gama addu'ar buɗe taro Baballe ya riga ya zama shugaba. Ba wanda ya zaɓe shi, ba kuma wanda ya hana shi, don kowa na tsoron a ce to kai yi. Washegari ya tafi Kura wajen tela ya ɗinko kaki mai maɓallai kamar ƙurajen ƙyanda. Ya rataya usur. Ya riƙe waya biyu, ɗaya ba ta da batir, amma ita ya fi karawa a kunne. Ya shiga caji ofis, ya kakkaɓe kujerar Saje, ya zauna a hankali kamar mai ɗanɗana miya.

A gabansa Kwamishina muke ce masa. A bayansa mukan ƙara da "na tsintsiya".

"Jama'a," in ji shi a jawabinsa na farko, "gwamnati ta janye, amma ba ta tafi ba, tunda ga ni. Daga yau duk ɓarawon da zai shigo garin nan, sai ya sanar da ofishina tukuna."

Muka yi tafi. Wallahi muka yi.

Dakarunsa shida ne, ƙaraminsu ya aurar da jika. Kullum da hantsi sai ya jera su fareti a gaban ofis. In ya ce dama, uku su yi hagu, ɗaya ya zauna, kurman cikinsu ya wuce gaba abinsa har sai an bi shi an kamo. Ana cikin faretin ne aka ɗauke inji na huɗu. Kwamishina ya ce wannan alama ce ɓarayi sun tsorata, shi ya sa suke gaggawa.

Kamun da ya yi guda ɗaya ne: wata saniyar Badamasi Bafulatani da ta leƙa gonar albasa. Ya sa aka tura ta ɗakin tsare masu laifi. Badamasi ya zo ya jingina da sandarsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ko a ba ta beli, ko a ba ta harawa." Kafin a yanke hukunci ta cinye takardar dokokin da Kwamishina ya manna a bango, ta bar masa sa hannunta a ƙasa. Aka sallame ta.

Amma saniyar ta buɗe masa ido. Ya ga ɗakin nan ƙofar ƙarfe gare shi, ga kwaɗo ƙato kamar kan jariri. Sai ya sake tara mu.

"Na yi nazari," ya ce, yana shafa maɓallai. "Manyan ƙasashe ba sa bin ɓarawo. Abin satar suke kamawa. Kowa ya kawo injinsa a tsare shi a hannun hukuma. Ranar ruwa a ba shi beli da safe, ya dawo da yamma. In ga ta inda ɓarawo zai ci abinci."

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Mu mun sani, muka saya. Ni ce ta farko. Na sa aka ɗora injina a baro, na bi shi a baya ina rangaɗa guɗa kamar mai rakiyar kayan ɗaki. Har na tsaya ina yi wa Isiyaku gori, shi kaɗai da ya ce nasa injin ba ya kwana a gidan wani. Na ce masa maƙiyin ci gaba. Inji talatin da ɗaya aka jera a ɗakin nan ranar Alhamis, aka datse.

Kofur Bilya ya iso a bayan motar albasa, ya tarar da biki. Baballe ya ce ba a yin aikin hukuma ba hoto: zai miƙa wa gwamnati makulli, gwamnati ta riƙe, a ɗauka, sannan ta mayar masa. Kofur ya ce shi a bar shi. Aka matsa masa. Hoton farko Kwamishina ya ce hularsa ta karkace. Na biyu ya ce cikinsa bai fito da kwarjini ba. Ana shirin na biyar wayar Kofur ta yi ƙara: rikici ya tashi a wata kasuwa, kuma babu wanda za a tura sai shi. Ya zura abin da ke hannunsa a aljihu, ya haye acaɓa. Mu muna can mun dafe kan waya muna yaba hoto.

Sai ranar Asabar da sassafe, da aka taru karɓar beli, Kwamishina ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu, ya hura usur.

Aka kira Kofur, waya a kashe. Aka aika ƙauyukan nan uku, aka ce an wuce da shi wani wuri cike gurbi. Ruwa kuwa ya zo a kan lokacinsa, bai taɓa cika alkawari irin na ranar ba. Ya cika kanal taf, yana wucewa ta gabanmu yana sheƙi. Can tudu kana jin injin Isiyaku yana tatata shi kaɗai, kamar yana mana dariya.

Maza suka ɗauko gatari da guduma. Baballe ya tsaya a ƙofar, ya baje hannuwa.

"Wannan kwaɗon gwamnati ne! Duk wanda ya taɓa shi ya taɓa tuta. Shekara bakwai ce, ba tara!"

Maza arba'in, masu kafaɗa kamar turmi, suka tsaya suna kallon kwaɗo. Wannan ya ce wane fara, wancan ya ce ai kai ne babba. Ni da nake da bakin da ke tsinka igiya, na ce a dai bi doka, kada a ja mana. Haka muka yini. La'asar ta yi, aka rufe ruwa.

Zafin bazara ba ya jiran hukuma. Kafin wata Asabar furen tumatir ya fara zuba. Asabar ɗin ma muka sake taruwa, muka sake kallon kwaɗo, sai dai wannan karon mun zo da tabarmi. Na je gona na tarar ganye ya lanƙwashe kamar kunnen tsohuwar akuya, 'ya'yan da suka fara ƙullawa sun yi baƙi a gindi. Na tsaya na rasa wanda zan zaga, don duk zagin da na ɗauko sai in ga da ni ya fi dacewa.

Bayan kwana goma sha biyu Kofur ya dawo, duk ya yi zuru-zuru. Ya ga taro, ya ji bayani, ya riƙe baki.

"Me ya hana ku fasawa? Ai kwaɗon nawa ne. Na ofis ya lalace tun bara, ba a kawo wani ba, na saya a kasuwar Kura."

Ya zaro makulli ya buɗe. Ba wanda ya kalli wani. Kowa ya shiga ya ɗauki injinsa shiru, kamar masu ɗaukar gawa.

Ni dai na kasa haɗiyewa. Na sami Baballe a kujerar Saje yana goge usur, jama'a na biye da ni.

"Kai ɗan goggo, ƙaton banza mai maɓallai! Ka kashe mini gona. Ɓarayi fiye da wata guda suka yi suka ci mutum huɗu, kai rana ɗaya ka ci talatin da ɗaya. Me zan ce wa Zuliha?"

"'Yar kawu, a ofis kike. A ce Kwamishina."

"Kwamishinan uwar wa? Tumatirina ya ƙone ƙurmus!"

Jama'a suka ɗauka, kowa na faɗin tasa. Baballe ya bari sai da muka gaji. Sannan ya miƙe, ya gyara ɗamara, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya kamar malamin da ɗalibai suka ba kunya.

"Tsaro kuka ce in ba ku, ko tumatir? Kwana goma sha biyu, inji nawa aka sata? Ko ɗaya. Gonakin ma yanzu ku bar su a buɗe ku je ku yi barcinku. Na rantse babu ɓarawon da zai taɓa su."