Ni, Garba da Baturen Kwakwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tafi Itapuã, wani ƙauye na bakin teku, don in kunyata Garba, na dawo ni ne abin nuni da baki. Ko yanzu da furfura ta cinye mini gemu, idan abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Garba ɗan jirginmu ne. Jirgin bayi ɗaya ya ƙetaro teku da mu zuwa birnin Bahia muna samari, sarƙa ɗaya ta ɗaure mu, kuma a wurinmu wannan ya fi a ce uwa ɗaya uba ɗaya. Tare muka yi dakon kujera, muna ɗaukar manyan gari daga bakin teku zuwa kan tudu. Amma ni na riga shi fansar kaina, ni na riga shi kama ɗaki a unguwar Barroquinha, ni na fara sayar da goro da zannuwan Ikko. Kullum ina gaba yana baya. (Ina son Garba ƙwarai, in dai yana bayan nan nasa.)

To, mutanenmu da yawa da suka sami 'yanci a Itapuã suka zauna, ni da Garba ma kowa yana da 'yar gonar kwakwa a can. Da can garin yana da rai, don ana kama baleya, ƙaton kifin nan da ake dafa kitsensa a sami man fitila. Sai baleya ta yi wuya, kananzir ya shigo kasuwa, tukwanen dafa mai suka yi tsatsa, samari suka watse zuwa birni. Aka bar tsofaffi da yagaggun taru.

Ana cikin haka wani Bature ɗan Ingila ya ɓullo. Wai zai kafa injin matse man kwakwa, ya gyara hanya, ya riƙa sayen duk kwakwar garin, a ba shi aron ƙasa kawai. Yana bukatar wakili daga cikinmu. Wa ya ɗauka? Garba! Don kawai ya tsinci 'yan kalmomin Ingilishi a bakin matuƙan jirgi. Ni da na san ciniki kamar yunwar cikina, ko kallona ba a yi ba. Wallahi na ji haushi, haushin da ya hana ni jin daɗin abinci.

Abin da ya ƙarasa ni kuwa shi ne takalmi. Kun san a Bahia bawa ba ya sa takalmi, don haka ƙafar mutum ake fara dubawa kafin fuskarsa. Ni da ɗan fade na nake yawo tun da na fanshi kaina, ban taɓa damuwa ba. Sai ga Garba ya zo gaishe ni cikin takalmin Ingila baƙi wuluk, kyautar Baturen, yana ƙara ƙiiƙ ƙiiƙ a kan duwatsun unguwa. Na ce masa, "Allah ya sanya alheri, ɗan'uwa." Bakina ne ya faɗa, zuciyata ba ta sa hannu ba.

Da aka sa ranar taron da za a yanke shawara, na shiga wani shago kusa da dandalin Praça do Palácio na sayi nawa, ja mai walƙiya, mai tsinin baki. Da safe ne na gwada shi a shagon, ya zauna daram. Ranar taron na yi yadda kowa yake yi: na rataya shi a wuya, na taka doguwar hanyar nan ta rairayi da ƙafa tsirara don kada ya lalace, sai a bakin gari na zauna zan sa. Abin da ban lissafa ba shi ne ƙafar da ta wuni tana tafiya cikin rana ba ita ce ƙafar da aka gwada a shago ba. Ta kumbura ta yi suntum. Na tura, na danna, na yi salati, da ƙyar ta shige. Na ɗaure igiyar tamau, na shiga taro ina tafiya kamar kaza a kan garwashi.

A gindin bishiyoyin kwakwa aka zauna. Baba Ilu, dattijon garin, shi ke jan zaman. Baturen yana kan kujera yana fifita da malafarsa, Garba na tsaye gefensa yana fassara. Ya yi magana a natse: garin yana mutuwa, ga wanda ya zo da dukiyarsa, samari za su dawo, hanya za ta gyaru. Mutane suna ta gyaɗa kai. Kowane gyaɗa kai sai in ji kamar allura aka caka mini.

Sai na miƙe. Ban san ko hassada ce ko azabar takalmi ba, amma ranar bakina ya buɗe. Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In muka ba shi ƙasa, ya zama shi kaɗai ne mai sayen kwakwa, wa zai sa farashi, mu ko shi? Rijiyar da injinsa zai sha, ba ita muke sha ba? Kuma wa ya ce 'ya'yanmu zai ɗauka aiki? Hayar bayi zai yi daga iyayengijinsu, don sun fi araha. Mu da muka san ɗacin abin, mu za mu shimfiɗa masa tabarma?"

Kowa ya zuba mini ido. Zufa tana karyo mini, hawaye na zubo mini saboda ɗan yatsana da ke neman tsinkewa, mutane kuwa suka ɗauka kishin gari ne. Na ji Iya Talatu, mai soya kifi, tana cewa, "Allah sarki, har kuka yake yi." Baba Ilu ya ce lalle a gindaya wa Baturen sharuɗɗa kafin a amince. Da na zauna a nan, da yau ana ba da labarina cikin masu hangen nesa. Ina! Daɗin nasara ya ɗebe ni, na ɗaga murya na ƙara da cewa, "Ni dai ko an ɗora mini wuƙa a wuya ba zan yi wa mutumin nan aiki ba. Mai yi masa aiki ya sayar da garinsu." Na kuma kalli takalmin Garba don kowa ya gane da wa nake.

Garba ya juyo ya dube ni. Sannan ya ce, a hankali, "Ɗan'uwa, ashe haka ne? Ni kuwa tun farko na gaya wa Baturen nan ban iya ciniki ba. Na ce akwai yayana da ya fi ni, a ba shi sayen kwakwar gaba ɗaya, ni in tsaya ga fassara. Ya yarda. Yau na so in sanar a gaban jama'a don in faranta maka. Amma tunda ka rantse, shi ke nan."

Jama'a, ku ji abin da ya fito daga bakina, a gaban tsofaffi, a gaban mata. Ko numfashi ban ja ba na ce, "To, ai ba rantsuwa na yi ba. Kuma in an duba da kyau, injin nan ba laifi gare shi ba." (Har yau ina neman wanda ya faɗi wannan maganar, don ban yarda ni ne ba.) Ban tsaya nan ba, na miƙa hannu na nufi Baturen zan gaisa da shi. Ashe ƙafafuna sun riga sun mutu, ba na jin su ko kaɗan. Taku ɗaya na yi na kife rub da ciki a gabansa, bakina cike da rairayi.

Dariyar da aka yi, ina jin har masunta a cikin teku sun ji. Da aka gane takalmin ne ya kashe mini ƙafa, aka ja shi ya ƙi fita. Mutum biyu suka riƙe ni, aka ja, ya ƙi. Ƙarshe dai wuƙar gyaran kifin Iya Talatu aka karɓa, kuma Garba ne ya durƙusa ya farka shi a hankali don kada ya yanke ni. Yana yi yana cewa, "Sannu, yaya." Wannan sannun ta fi dariyar ciwo. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Bayan haka wa zai sake tada maganar sharuɗɗa? Duk wanda ya ce "farashi" ko "rijiya" sai a fashe da dariya a ce ya sayi jan takalmi shi ma. Aka amince wa Baturen yadda ya so. Aikin sayen kwakwa kuma wani Banufe ya samu, don Baturen ya ce ba ya son mai faɗuwa. Injin ya zo, hanya ta gyaru, wasu samari sun dawo, ba zan yi ƙarya ba. Amma farashi shi yake sawa, ruwan rijiya ya ja baya, kuma bayin haya ne suka cika wurin aikin.

Wata rana na haɗu da Iya Talatu tana dawowa daga ɗebo ruwa can nesa, tulu a ka. Na ɗan gyara murya na ce, "Iya, kin dai tuna na faɗa." Ta sauke tulun, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ka faɗa, ɗana. Da ka yi shiru wani ya faɗa, da mun ji."

Tun daga ranar na ɗauki darasi. In gaskiya ta zo mini baki alhali cikina yana tafasa da hassada, sai in nemi wani mai sanyin zuciya in ba shi ya faɗa, ni kuma in zauna a kan tabarmata in yi ta baƙin cikina cikin mutunci.