Rasuwar Hannu na Biyu, Mai Jan Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da manyan yatsun da har yanzu suke motsi su kaɗai a kan cinya, iyalan direban babbar bas da ke zaune a bene hawa na biyu, ƙofar da ke kallon tankin ruwa, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa shan kaye a falonsu, rasuwar Hannu na Biyu, wato baƙin abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a buga gem. Ya cika ranar hutu da rana tsaka, a tafin hannun mahaifin maigidan, bayan doguwar jinyar da ya yi a bakin aiki.

Marigayin ya shigo gidan ne a kwali ɗaya da yayansa, Hannu na Ɗaya, kuma tun a ranar aka raba musu matsayi. Yayan na maigida ne, ana goge shi da gefen riga, ana ajiye shi a saman talabijin. Ƙanin kuwa na baƙi ne da yara, da duk wanda Direba yake so ya cinye. An sha zama a kansa. An zuba masa shayi. An taɓa jifan bango da shi a kan wata ƙwallo da ba shi ya hana ta shiga raga ba, ya tashi da tsagewa a gefe, aka ɗaure shi da salatif, washegari ya koma aiki. Bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Abin da aka san shi da faɗa bai wuce “ƙyas, ƙyas” idan an danna shi, sai kuma wani “ɓrrr” mai zurfi da yake yi da dukan jikinsa idan ya ga abin tsoro na tunkarowa.

Ciwon ajalinsa ya fara ne a hankali. 'Yar sandar tuƙinsa ce ta soma jan hagu. Ko ba a taɓa shi ba, sai mutumin da ke cikin talabijin ya kama hanyar hagu shi kaɗai, kamar wanda aka kira sunansa daga can. Abin ya fi damun Direba fiye da kowa, domin mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa wajen riƙe mota a kan layinta, kuma yana ganin abin kunya ne a ce a falonsa ake wannan karkata. Ya hura masa iska da baki. Ya buga shi a gwiwa. Daga baya ya kai shi wurin mai gyaran waya na bakin titi. Mai gyara ya buɗe cikinsa, ya fitar da ɓarɓashin biskit da gashin kyanwa, ko da yake gidan ba su taɓa ajiye kyanwa ba, ya rufe, ya ce a je a ci gaba da lallaɓa shi, a daina ba shi abin da ya fi ƙarfinsa. Matar Direba, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta ce ta san irin wannan maganar, domin ita ma ita take faɗa wa dangin mara lafiya idan abin ya wuce magani.

Ana cikin haka ne Baba ya tare a gidan. Inna, mahaifiyar Direba, ta rasu, 'ya'ya suka ga bai kamata a bar tsohon shi kaɗai a ɗakin da komai na cikinsa nata ne ba. Ya zo da jakarsa da akwatinta. Ya tura akwatin ƙarƙashin gado, ya zauna a kujerar da ke jikin taga, ya yi shiru. Wanda ya san Baba a da zai gane girman wannan magana, domin mutum ne da idan ya kama labari sai mai sauraro ya ƙirƙiro uzuri. Yanzu kuwa bai wuce “to” da “na ƙoshi”. Direba ya ɗauke shi a bas, ya zaunar da shi a kujerar gaba, suka zaga gari, tsohon yana kallon taga har suka dawo. Ya gayyato tsofaffin abokansa, suka yi hirarsu su kaɗai suka tafi. Matarsa ta ja shi kicin ta gaya masa cewa ta ga irin wannan shirun a wurin aiki, kuma yakan tafi da tsoho da sauri fiye da ciwo. Daga ranar Direba ya riƙa tuƙi hankalinsa na gida, har fasinjoji suka fara tuna masa tashar da ya wuce.

Wata rana ya dawo daga aikin safe ya tarar da talabijin a kunne. Yara sun tafi makaranta sun bar marigayin a hannun kujera, mutumin cikin gem yana ta tafiya hagu yana gwara kansa da wani dutse. Direba na tsaye a bakin ƙofa ya ga Baba ya miƙa hannu, ya ɗauki marigayin kamar wanda ya ɗauki ɗan tsako, ya taɓa nan ya taɓa can har mutumin ya rabu da dutsen. Daga baya Baba ya ce ba sha'awa ce ta sa shi ba, kawai ba zai iya zama yana kallon bawan Allah yana wahala haka ba.

Gem ɗin na wani ɗan dako ne da aka ɗora wa ƙofa a ka, ƙofar katako sukutum har da makullinta, aka ce ya kai ta wani gida a ƙarshen duniya, ba tare da an gaya masa wanda ya aiko ba. Yana hawa duwatsu, yana ƙetare koguna, iska na neman tashi da shi, awaki na tunkuyinsa, ga wasu 'yan fashi da suka dage sai sun ƙwace ƙofar alhali ba su da ɗakin da za su maƙala ta.

Direba ya sauko da Hannu na Ɗaya daga saman talabijin ya miƙa wa mahaifinsa, abin da bai taɓa yi wa wani mahaluki ba. Baba ya gwada, ya mayar, ya nuna marigayin da haɓa. Su biyun sun dace da juna: ɗaya na jan hagu, ɗaya na jan dama, ɗan dako na tafiya a tsakiya yana tangaɗi. Har kafaɗar Baba ta koyi karkacewa, ya riƙa shiga banɗaki a gicciye. Maganarsa kuma ta fara dawowa ta ɓarauniyar hanya. Ya fara da yi wa ɗan dako faɗa a kan rashin duba gabansa. Sai awakin, waɗanda ya yi wa tas har da iyayensu. Sai marigayin, wanda yakan lallasa da murya ƙasa-ƙasa. Sai wata yamma ya juyo ya tambayi ɗansa yadda ake ƙetare kogi da ƙofa a ka. Direba bai sani ba, amma ya zauna. Daga nan ya sauya lokacin aikinsa da wani abokinsa, ya riƙa zama a gefen Baba riƙe da Hannu na Ɗaya a kashe, yana dannawa don kara kawai. Haka aka yi watanni.

Ranar da abin ya faru kowa na falo, har da mai askin da ke ƙasan bene, wanda ya riga ya gama gem ɗin tuntuni kuma ya rufe shago don ya zo ya ba da shawarar da ba a nema ba. Ɗan dako ya isa ƙarshen duniya. Gidan na kan tudu, ga gurbin ƙofa a buɗe, haske na fitowa daga ciki. Sai gem ya ba da zaɓi: dama, ya maƙala ƙofar ya shiga ya ga wanda ya aiko shi; hagu, ya juya gida da kayansa. Mai aski ya ce babu mai hankalin da ke bin hagu. Baba ya gyara zama, ya tura yatsansa dama da dukan ƙarfinsa. Marigayin, wanda bai taɓa yi wa kowa gardama da gangan ba, ya yi “ɓrrr”, ya ja hagu.

Ɗan dako ya juya. Direba ya ga wahalar watanni ta tafi a banza, a ransa har ya hango mahaifinsa ya ajiye marigayin ya koma jikin taga. Ya kasa duban kowa. Gem ɗin kuwa ya karɓi tafiyar da kansa, ya nuno ɗan dako yana komawa ta duwatsun da ya hau, awakin na matsa masa hanya, har ya iso wani ɗan ƙaramin gida. Wata tsohuwa na tsaye a bakin ƙofa riƙe da ludayi, ɗaya hannun a ƙugu. Rubutu ya fito a ƙasan allo, matar Direba ta karanta a fili. Tsohuwar tana tambayarsa ina ya shiga, wa ya ce ya ɗauki ƙofar mutane, abinci ya huce tun ɗazu, kuma kada ya kuskura ya shigo mata da wannan ƙafar. Tana faɗan tana sauke masa ƙofar daga ka, ta ɗora tafinta a inda gashinsa ya cinye.

Baba ya yi dariya, irin wadda ba a ji ba tun kafin ciwon Inna, har da buga ƙafa.

“Ita ce,” in ji shi. “Haka take tarbata. Ko sannu babu, amma ruwan wanka yana kan wuta.”

Dariyar ba ta ƙare ba hawaye suka biyo ta, bai kuma share su ba. Ya dubi ɗansa ya ce, “Maido min ita in sake ji.” Direba ya nuna masa maɓallin. Baba ya danna. Marigayin ya yi wani dogon “ɓrrr” mai rauni, fitilarsa ta ƙifta ja, ta mutu. Baba ya ci gaba da dannawa, “ƙyas, ƙyas”, babu amsa, sunayen waɗanda suka yi gem ɗin suna ta hawa allo. An sa masa caji. An sauya waya. Matar Direba ta kwantar da shi a tebur ta danna masa ƙirji da yatsu biyu, sannan ta girgiza kai. Mai gyara da aka kira ya duba, ya cire tabarau, ya ce sai haƙuri. Direba ya ce za su sake gem ɗin daga farko da Hannu na Ɗaya, su bi hagu da gangan. Baba ya ce a'a, mutum ya dawo gida, ba za a sake ɗora masa ƙofa ba.

Masu zuwa gaisuwa su sani cewa ra'ayin gidan a kan gem ɗin ya rabu, kada su shiga abin da bai shafe su ba. Mai aski ya ce shi da ya bi dama ya tarar da wani mutum mai ƙaton gemu, wanda ya yi wa ɗan dako godiya ya miƙa masa taga ya ce ya kai wani gidan. Ya dage cewa wannan ne ƙarshe na gaskiya, na hagu kuwa sakamakon rashin lafiya ne, ko da yake abokan cinikinsa sun ce tun ranar yake aski yana ajiyar zuciya. Matar Direba ta ce gem ne mai kyau amma awakin sun yi yawa, kuma tsohuwar ce kaɗai mai hankali a ciki, da an sa ta tun farko da ba a yi tafiyar ba. Yara sun ce tafiya ce zalla, ko bindiga babu. Baba ya ce duk wanda ya tsara shi yana da mata, kuma yana tsoronta yadda ya kamata. Da aka tambayi Direba, sai ya ce bai lura da duwatsun ko kogunan ba, domin rabin gem ɗin fuskar mahaifinsa yake kallo.

Marigayin ya rasu ya bar yayansa, Hannu na Ɗaya, wanda har yau salatif bai taɓa jikinsa ba, da mahaifiyarsu na'urar gem, mai fama da zafin jiki, da wayar cajin da ba ta aiki sai an lanƙwasa ta, da wata 'yar ƙaramar ƙusa da ta rage a hannun mai gyara, wadda har yanzu ba a san daga ina ta fito ba.

Za a kai shi makwancinsa ranar hutu mai zuwa bayan cin abincin rana, a durowar ƙasa ta teburin talabijin, inda tsofaffin wayoyi da rimot ɗin gidan suke kwance. An so a yi tun jiya, amma aka samu jinkiri wajen abin naɗe shi. Direba ya kawo tsohuwar safa, Baba ya ce ba a yi wa mai hidima haka. Ya shiga ɗaki ya jawo akwatin Inna daga ƙarƙashin gado, ya buɗe shi a karon farko, wai yana neman wani hankici. Duk abin da ya ɗago sai ya faɗi inda aka saye shi da faɗan da aka yi a kansa. Direba ya zauna a ƙasa yana karɓa yana ninkewa, har ya manta yana da aikin yamma. An samu hankicin a can ƙasa, fari mai bakin shuɗi, kuma marigayin na cikinsa yanzu.

Iyalai suna roƙon masu halarta kada su zo da sabon hannu, kada kuma kowa ya danna mamacin wai ko zai tashi, domin kowa ya gwada. A zo da kujera da haƙuri. Baba ne zai yi jawabin bankwana, kuma a gwajin da ya yi wa ɗansa da safiyar yau, shayi ya huce sau biyu bai wuce shekarar da ya fara ganin Inna ba.