Jannatu Ta Share Janareton Hodi

"Lahiya lau, Hodi, sai godiya. Ina aiki? Ina masu kawo kai?"

"Masu kai suna gida, Malama. Marasa shi ka yawo da tsintsiya tun da sahe."

Haka Hodi mai aski ya amsa gaisuwar, bai ko ɗaga ido daga injin askin da yake gogewa ba. Ranar cika-ciki ce, kuma duk layin tashar Argungu an san Malama Jannatu za ta zo shagonsa karɓar shara. Mahaifiyarta ƙanwar mahaifinsa ce, wato taubasai ne, a wasa ita baiwa shi ubangida, kuma tun suna wasan ƙasa ba su taɓa haɗuwa ba tare da wani ya sha baƙar magana ba. Kowace shekara takan kaɗa tsintsiya a bakin ƙofa don cika al'ada, ya miƙa mata abin da ya sawwaƙa, ta raina, ta karɓe, ta yi gaba.

Bana kam da wata a ƙasa. Jannatu tana koyarwa a makarantar 'yan mata, tana kuma karatun digiri na biyu ta intanet, a kan yadda ake koyar da yara da kwamfuta. Malamanta suna wata ƙasa, ba ta taɓa sa su a ido ba. Duk Asabar sai ta shiga motar Birnin Kebbi, ta zauna a wani shagon intanet a Gesse ta aika aikinta. Yanzu saura na ƙarshe: ta yi darasi da kwamfuta a gaban ɗalibanta ranar Alhamis, a ɗauki hotuna, ta aika kafin mako ya fita, in ba haka ba ta maimaita shekara. Kwamfuta akwai guda a ofishin shugaba, an lulluɓe ta da zane kamar mai zazzaɓi. Wuta ce babu, rabon unguwar da ita tun damina. Ga kuma ɗan jan janareton Hodi can a lungun shagonsa, ɗaure da sarƙa.

"Miƙo hannu in sallame ki," in ji Hodi. "Baiwa ba ta daɗewa tsaye gaban ubangidanta."

"Wane ubangida? Wanda ka wuni cikin gashin mutane? Riƙe canjinka. Ni bana abin da tsintsiyata tat taɓa shi ni ka ɗauka."

"To taɓa gashin ga, na ba ki dut. Ki kai ma mijinki Aminullahi shi ruhe sanƙonshi."

"Sanƙon ilimi na. Kai ko ga suma har wuya, ciki fayau kamar gorar masunta."

Ta ratsa shi ta shige lungu, ta ɗora tsintsiyar a kan janareton. Hodi ya zabura har injin askin ya kusa suɓuce masa.

"Kul! Ɗauke! Wanga shi ka ciyad da gidana."

"Ka gani? Wanzami ba shi son jarfa. Kullum kai ka yanke na mutane, yau an zo ga naka kana ihu. Alhamis kaɗai ni ka so."

"Alhamis! Ranad da dut mai gemu ka zowa gyaran Juma'a? Ke wa ya aike ki karatun iska? Malamin da ba a gani, ba a kai mishi goro, ba shi ko da bulala. Ki hwaɗa min gaskiya, aljani na?"

"Aljanin dai ya san sunana. Kai malaminka na aji huɗu har yau in ya hange ka sai shi canza hanya."

"Ni da daraja nib bar makaranta."

"Ta taga kab bar ta, ina gani. Har takalmi guda kab bari."

"Sadaka niy yi da shi! Kuma ban da haka, mi kwamfuta za ta ƙara ma ɗiyan Kabawa? Tana kama giwan ruwa? Tana dashen shinkahwa?"

"Tana lissahi, abin da yak kore ka."

"Kwaɗai mabuɗin wahala. Digiri guda bai ishe ki ba, sai kin haɗa biyu kamar mai jakkai."

"Jaki guda gare ni, ga shi nan shina aski."

Masu shayi na maƙwabta suka kwashe da dariya. Hodi ma ya dara, amma ya je ya zauna daram a kan janareton ya harɗe ƙafa.

Jannatu ta dubi janareton. Ta zagaya gari ba ta samu aro ba, na haya kuma ya fi ƙarfinta, nan ne ƙofar ƙarshe. Ba ta san sanda ta duƙa ta kama shara ba, shara ta gaske. Ta bi ƙarƙashin benci, ta jawo tabarma ta kakkaɓe, ta tara gashin wuri guda.

"Ke, lahiya?" Hodi ya tambaya. "Tun da aka haihe ki ban taɓa ganin kin share wurin ga ba."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Hodi, tun bara ni ka zana musu kwamfuta ga allo da alli. Su taso ɗaya-ɗaya suna danna hoton da yatsa. Ɗiyarka Mubina tat tambaye ni, wai in an taɓa ta gaske tana jan mutum kamar wayar wuta? Kuma na gaji da hanyar Birni. In nis sake shekara, ban san ko ina iyawa ba."

Kunya ta rufe ta, don ba ta taɓa roƙonsa komai da irin wannan murya ba. Ta so a ce ta haɗiye maganar.

Hodi ya daɗe yana sosa ƙeya. Can ya tashi ya kwance sarƙar, ya jawo janareton bakin ƙofa.

"Ni ba a yi min kukan baiwa. Ga igiya nan. In kin tashe shi da hannunki, naki na ran Alhamis. In ya ƙiya, ki share min shago har azumi. Jama'a, ku shaida!"

Ta gyara mayafi, ta taka shi da ƙafa, ta fizgi igiyar. Janareton ya yi tari ya yi shiru. Ta sake, ko tarin bai yi ba.

"Digiri biyu, igiya guda ta kada ki!"

"Kayan matsiyaci na, halin mai shi yaɗ ɗauko. Ba shi tashi sai an ambaci tuwo."

Ta ja, ta ja, har kafaɗarta ta fara zafi, gumi yana shiga mata ido. Ta tsaya tana haki, zuciyarta ta karye. A nan ne idonta ya faɗa kan madubin shagon. Ta ga Hodi ya saki matajinsa ƙasa da gangan, ya duƙa kamar mai ɗauka, ya murɗa ɗan makunnin mai da yake a rufe tun farko. Ya miƙe yana hura matajin, fuskar nan kamar bai san komai ba.

Ita ma ta yi kamar ba ta gani ba. Ta yi bisimilla ta fizga. Janareton ya ɗauka da ƙara, fitilar shagon ta kama.

"Wayyo jama'a, an yi min hwashi da rana tsaka!" Hodi ya ɗora hannu a ka yana dariya. "Shi ke nan, kin ci. Amma ni ka kawo shi da kaina, kar ki kashe min shi. Masu gemu su yi Juma'a da gemunsu."

Jannatu ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi.

"Au, kuka ki kai, Malama?"

"Hayaƙin tsohon injinka na."

"To ki saba da shi tun yanzu, don da mai cike ni ka kawo miki shi."