Rasuwar Sitanda, Mai Riƙon Muryar Alhaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Bilya, akawun kamfanin albasa da gyaɗa na marigayi Alhaji Abdelkerim da ke Garwa, yana sanar da rasuwar Sitanda, farin akwatin nan da ke manne a bango bayan ƙofa, mai raba kiran waya zuwa teburan ofis. Ya cika jiya Laraba da hantsi, a hannun shi Malam Bilyan.

Marigayi Sitanda mai haƙuri ne. Zafin Garwa bai taɓa sa shi ƙorafi ba, tsaka ta yi ƙwai a bayansa bai ce uffan ba. Amma babbar amanar da ya riƙe ita ce muryar Alhaji. Tun Alhaji na da rai ya naɗi gaisuwa a cikinsa, duk wanda ya kira ita yake fara ji: "Salamu alaikum, jabbama, bonjour. Nan gidan Abdelkerim ne, a ɗan yi haƙuri." Sai wani ɗan tari ya biyo baya, wanda aka yi juyin duniya Alhaji ya sake naɗi ya ƙi.

Sitanda bai yi jinya ba. Layi kawai aka so ƙara wa sabon sito na garin Guider. Théodore, wanda ya kafa akwatin kafin ya koma Douala, ya yi bayani ta waya dalla-dalla: a jona kwamfuta da igiya, a ajiye kwafin abin da ke ciki, sannan a taɓa saiti. Malam Bilya ya yi duka ukun, sai dai kwafin ne ya zo ƙarshe. Kwamfutar ta tambaye shi da Faransanci ko ya tabbata, ta sake tambaya, shi kuwa ya amsa e, kamar yadda ya saba amsa mata kowace tambaya. Fitilun akwatin suka mutu, suka dawo. Gangar jiki na nan tana ƙifta ido, amma babu kowa a ciki, har muryar Alhaji ta tafi, kuma kwafin da aka ajiye kwafin wayam ne.

Ya rasu ya bar wayoyin tebur marayu, da sakatariya Lucie wadda ta daina haɗa ido da kowa. Ya kuma bar Hadje Ache, matar Alhaji, wadda ta riƙe Bilya tun yana ƙarami, ta kuma zaunar da shi a kujerar akawun nan. Kowace Alhamis bayan azahar takan kira ofis daga gida, ba don ta yi magana da kowa ba. Takan saurara har zuwa tarin, ta ajiye. Har mai gadi ya san ba a ɗaukar wannan kiran. Ba a sanar da ita ba tukuna.

Malam Bilya bai sa komai a bakinsa ba tun jiya. Ko wayar maƙwabta ta yi ƙara sai ya juya ya dubi ta teburinsa. Tsoro ya kai shi har ya rufe ƙofa ya gwada naɗar gaisuwar da muryarsa, tari da komai. Da ya saurara sai kunya ta kama shi, ya goge. Wannan karon ya san abin da yake gogewa.

Ba za a yi wa gawar wanka ba saboda lantarki, za a bar ta a bangonta. Masu ta'aziyya su zo da ƙafarsu, kada wanda ya kira, ana so layin ya zauna a buɗe. Jana'iza yau Alhamis bayan azahar, a teburin Malam Bilya, inda yanzu duk kira ke faɗawa kai tsaye. Shi zai ɗaga. Ana roƙon jama'a su taya shi da addu'a, domin Hadje ba ta fara magana, shiru take yi tana jira.