Ranar da Na Shanya Kunzugu a Kan Kebul

Ba zan taɓa mantawa da ranar walimar dawowar surukata daga aikin Hajji ba. Har gobe in na ga baƙar waya a naɗe sai in yi nesa da ita.

Abin ya faro ne kwana biyu kafin walimar. Hanifa, 'yata, tana wata bakwai, haƙori ya sa ta zawo, ni kuma wanki nake kamar wadda aka ɗauka aiki. Ana cikin haka igiyar shanyata ta bayan ɗaki ta tsinke. Na dudduba ko'ina ban sami komai ba, sai da na leƙa ƙarƙashin gado na ga wata leda. A ciki akwai wata baƙar igiya mai santsi, doguwa har ba ta da iyaka. Na ce Allah ya kawo sauƙi. Na ɗaura ta daga darbejiya zuwa ƙusar katanga, na jera kunzugu da safa da 'yan riguna. (A gaskiya ban taɓa samun igiya mai kyau irinta ba. Ba ta tsatsa, ba ta ɓata kaya.)

Ni karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma Allah ya yi ni da sa ido. Ina ɗaurawa na lura kowane baki yana da kan ƙarfe, kuma a jikin kowane kai akwai ɗan zane. Ɗaya hoton talabijin, ɗayan wani abu kamar littafi a buɗe. Na ce a raina, ikon Allah, yanzu har igiya ake wa ado.

Safiyar walima sai ga Abban Hanifa yana cewa, "Ki ɗauko min ledar nan ta ƙarƙashin gado. Kebul ɗin Malam Nura ne, da shi za mu haska wa mata hotunan Hajiya."

Sai a lokacin na gane abin da na yi shanya a kai. Na ce masa to, bari in gama shirya yarinya. Yana shiga wanka na ruga bayan ɗaki, na sauke kaya, na kwance ƙullin, na goge shi da gefen zanina, na naɗe na mayar leda. Har addu'a na tofa masa.

Gidan Hajiya a Unguwar Tudu ya cika maƙil. 'Yan uwa daga Dugabau, dangin mijinta daga Madadi, tabarma har bakin rijiya. Aka fito da talabijin aka ɗora kan tebur a ƙarƙashin rumfa. Malam Nura, abokin maigidana, shi ne mai laftof ɗin da aka zuba hotunan a ciki. To shi ba ɗan gida ba ne, ba zai shigo tsakiyar matan aure ba, don haka ya zauna a zaure da kayansa, aka jawo kebul ɗin tun daga can har rumfa. Abban Hanifa ne ɗan aike tsakani.

Aka kunna. Talabijin ya yi shuɗi, wani ɗan rubutun Turanci yana yawo a ciki.

"Ya kawo?" in ji Malam Nura daga zaure.

Mata suka haɗa baki: "Bai kawo ba!"

Aka kashe laftof aka sake kunnawa. Bai kawo ba. Abban Hanifa ya ɗauki rimot ya danna nan ya danna can. Aka zare kan kebul aka hura masa iska aka mayar. Aka canza rami a bayan talabijin. Shi dai shuɗin nan yana nan daram. Maigidana ya yi sawu ya fi goma tsakanin zaure da rumfa, sabuwar shaddarsa ta jiƙe da gumi. Hajiya tana zaune kan kujera da carbinta, kowa kuwa ya san tun a Makka take ɗokin nuna wa ƙawayenta inda ta tsaya.

Ni kuwa ina rakuɓe da Hanifa a baya. Sai na ji muryar Malam Nura: "Anya kebul ɗin nan ba a jiƙa shi ba? Ko an ɗaure wani abu da shi? Ba ya son wahala fa."

"Wa zai taɓa shi?" in ji maigidana. "A ƙarƙashin gado yake tun da ka ba ni."

Rabi, ƙanwarsa, wadda ba ta da aiki sai tsokanata, ta tashi wai za ta warware sauran naɗin da ke ƙasan tebur. Tana ɗagawa sai ga wani abu ruwan hoda ya faɗo. Ta ɗauka da yatsa biyu ta ɗaga sama kowa ya gani.

"Matar Yaya, wannan ba safar Hanifa ba ce?"

Da mai wayo ce ni, da na ce a ledar ta faɗa. Amma bakina ya riga hankalina. Na ji kaina ina cewa, da ƙarfi kuma, "Wallahi kwana biyu kawai na yi shanya a kai! Kuma kunzugun wankakku ne!"

Sai wata tsohuwa daga Dugabau ta fashe da dariya har tana tari, gida ya ɗauka. Rabi ta zube kan tabarma tana riƙe ciki. Daga zaure ma na jiyo maza suna tambayar me aka ce, aka maimaita musu, suka kwashe. Abban Hanifa ya tsaya da rimot a hannu yana kallona kamar yau ya fara ganina. Ban iya duban inda Hajiya take ba.

Rabi ta jefar da safar bayan tebur. Na durƙusa wai zan ɗauka, gaskiyar magana wurin ɓoye fuska nake nema. Ina can ƙasa hawaye na zuba, sai idona ya sauka kan bakin kebul ɗin da aka soka a talabijin. Hoton littafin nan ne a jiki.

Na goge ido na sake dubawa. Littafi a buɗe. Ashe ba littafi ba ne, laftof ne.

Na miƙe a hankali. "Abban Hanifa, kamar an juya shi. Mai hoton talabijin yana can zaure."

"Don Allah ki zauna, abin da kika yi ya isa," ya ce ƙasa-ƙasa. "Baki biyun duk ɗaya ne."

Sai Hajiya ta ɗaga hannu. "Kai, saurara. Ita da ta kwana biyu da shi ai ta fi ku saninsa. Je ka duba."

Ya tafi yana jan ƙafa. Can sai muka ji Malam Nura ya yi salati. "Wallahi gaskiyarta! Dogayen nan hanya ɗaya suke bi, na sha'afa. Juyo shi, juyo shi!"

Aka janye kebul ɗin gaba ɗaya aka sake shimfiɗa shi. Ni da kaina na karɓi bakin mai hoton talabijin na soka. Shuɗin ya ɗauke, allon ya yi baƙi, na ce shi ke nan na ƙarasa shi. Sai ga Ka'aba. Sai ga Hajiya cikin fararen kaya tana ɗaga hannu.

"Ya kawo?"

"Ya kawo!"

Gida ya kaure da kabbara. Tsohuwar nan ta Dugabau ta rangaɗa guɗa a kunnena. Hajiya ta jawo ni ta zaunar kusa da kujerarta, ta cika min tafi da dabino, ta ce wa Rabi, "Ke mai dariya, tashi ki kawo wa injiniya zamzam." Rabi ta kawo, har da rusunawa. Maigidana kuwa sai share gumi yake yana gaya wa maza a zaure wai dama shi ya san ina da kai.

Bayan kwana biyu Hajiya ta aiko min da ƙullin tsaraba. A saman kayan akwai sabuwar igiyar shanya, shuɗiya, har da abin maƙale kaya.

Yanzu duk sabon abin da ya shigo gidanmu ni ake fara miƙa wa in duba. Ni kuma na koyi darasi: kafin in shanya kunzugu a kan komai, sai na tambaya ko yana da maigida. In kuma na riga na shanya, to in ƙirga safa kafin in naɗe.